Fita shan iska da mai lalura a karkarar Kano da Jigawa: yadda za a je lafiya a dawo lafiya

Da zarar an gama girbi, amfani ya shiga rumbu, hanyoyin ƙauye sun bushe, sai hankalin mutane ya koma kan fita: ziyarar dangi, zuwa ganin dam, kallon babbar kasuwa. Wanda ake bari a gida kullum shi ne mai lalura. Baba mai hawan jini, Inna mai ciwon suga, Kawu da gwiwa ta hana shi sakat. Sai a ce musu su zauna su huta, alhali zaman ne ya ishe su. Mafi yawan masu irin waɗannan cututtuka za su iya fita kwana biyu ko uku ba tare da wata matsala ba, muddin an tsara tafiyar bisa ƙarfin jikinsu da lokacin shan maganinsu, sauran 'yan rakiya kuma su haƙura su bi wannan tsarin. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: a fara da asibiti

Mako ɗaya ko biyu kafin tafiya a kai shi asibitin da yake zuwa, ko da ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ne na mazaɓa. A auna jini, a auna suga, a gaya wa likita ko ma'aikacin lafiya inda za a je da kwanakin da za a yi. Tambayoyi uku ne ba a barinsu: zai iya zaman mota na awa biyu zuwa uku? Wane magani ne ba a sha sai da abinci a ciki? Akwai iyakar ruwan da zai sha a rana? Ta ukun tana da muhimmanci ga masu ciwon koda da masu raunin zuciya, domin shawarar "a sha ruwa da yawa" da ake ba kowa tana iya cutar da su.

A roƙi a rubuta sunayen magungunan da yawan da ake sha a takarda ɗaya, ka ɗauki hotonta a waya. Ma'aikacin da zai karɓe ku a wani gari ba zai gane "ƙwaya fara ƙarama da ake sha da safe" ba.

Wanda bai daɗe da tashi daga shanyewar ɓarin jiki ba, ko aka yi masa aiki kwanan nan, ko jininsa ya ƙi sauka duk da magani, ko yake da gyambo a ƙafa, a ɗage tafiyarsa.

Mataki na biyu: wata da sa'a

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin. Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, kuma tsoho mai shan maganin da ke sa fitsari yana bushewa tun bai ji ƙishi ba. Agusta da Satumba kuwa ruwa ne, kuma garuruwan bakin kogin Haɗeja irin su Ringim, Auyo da Miga sun san ambaliya. Hunturu ma yana da nasa: ƙura tana tayar da asma, sanyin asuba yana tayar da ciwon mai sikila da mai sanyin ƙashi. Ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya zauna a masauki ko ya sa takunkumi, abin shaƙarsa a aljihun gaba.

A cikin yini kuma, kallo daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya ne, sai kuma bayan la'asar in da sauran ƙarfi. Tsakanin azahar da la'asar na kwanciya ne, ba a taɓa shi. Wuri ɗaya a rana. Na san matasan gida za su ce an yi asarar mai a zo har nan a ga abu guda, amma wurin na biyu shi ne yake kwantar da tsoho washegari.

Mataki na uku: zaɓen wurin da mota ke kaiwa bakinsa

Ma'aunin mai sauƙi ne. Mota tana isa kusa? Akwai inuwa da wurin zama? Akwai bayan gida? Asibiti nawa ne nisansa? Wurin da ya faɗi biyu daga cikin huɗun nan, a bar wa masu ƙafa.

Dam ɗin Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da Kano, yana kan gaba. An gina shi tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma shi ke ba da ruwan noman rani na Kadawa da Kura. Hanyar kanta abin kallo ce ga manomi: a kan titin Zariya za a wuce fadamun shinkafa, tumatir da alkama kore shar a tsakiyar rani, kuma duk ana ganinsu ta tagar mota. A bakin dam a kafa kujera a inuwa, a kalli masunta. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, da dam ɗin Kazaure, duk irin wannan zaman suke bayarwa. Sharaɗi ɗaya: ba shiga ruwa, ba alwala da shi, ba wanke ƙafa. Ruwan dam da na magudanan noman rani yana ɗauke da tsargiya, kuma ga mai suga ƙaramar ƙaya a cikin laka ta isa ta zama gyambo. Kwalekwale ma a bar shi, shiga da fitarsa kaɗai aiki ne ga mai ciwon gwiwa.

Dutse gari ne da ake kallo daga zaune. Duwatsun da suka ba shi suna suna kewaye da shi, ga itatuwan dabino, ga tsohuwar unguwar Garu inda tsohuwar fada take. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 garin ya samu tituna masu faɗi, kuma asibitin Rasheed Shekoni yana nan idan ta ɓaci. A zaga a mota da hantsi, a tsaya inda ake sayar da dabino, a koma masauki.

Birnin Kudu na da zanen shanu na mutanen dā a jikin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masana suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950. Wurin ya cancanci gani, sai dai akwai taka dutse. A fara neman ma'aikatan kula da kayan tarihi na garin, a gaya musu a fili cewa akwai wanda ba ya iya hawa, su nuna wanda ya fi sauƙin isa, a tsaya a kansa. Alherin garin shi ne akwai babban asibitin tarayya a cikinsa.

Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, kuma a 2008 aka sa ta cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kare. Da hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka a nan. Kyau kam akwai, amma a ra'ayina ita ce ta ƙarshe a jerin mai lalura: daga Kano zuwa Haɗeja ta Gezawa da Gujungu tafiya ce mai tsawo, bayan Haɗeja kuma akwai sauran hanya, ga sauro. Wanda ke zaune a Haɗeja, Malam Madori ko Kafin Hausa zai iya yin ta da safe ya dawo kafin azahar. Na nesa ya kwana a Haɗeja tukuna.

Kasuwanni fa? Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Gujungu da Dambatta ranar Lahadi. Dattawa suna son su ƙwarai, kuma babu abin da ya fi su gajiyarwa: turereniya, ƙura, rana, shanu. In ya nace, a je da wuri kafin kasuwa ta cika, a nemi rumfar wani sananne a bakin kasuwa a zaunar da shi, kallo ya zo ya same shi. Hawan Dutsen Dala da shiga dajin Falgore ba sa cikin wannan lissafi.

Mataki na huɗu: mota

In da hali a ɗauki shata ko a ari motar gida. Motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya ba ta tsayawa don fitsarin tsoho. In dole sai ita, a biya kuɗin kujerar gaba duka. Kowace awa ɗaya da rabi zuwa biyu a tsaya, ya sauko ya taka 'yan taku, saboda dogon zama yana kumbura ƙafa, yana kuma iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙwauri. Ya riƙa tashi a hankali, ya ɗan zauna a bakin kujera kafin ya miƙe, don maganin hawan jini kan kawo jiri. A isa masauki kafin magariba.

Kayan da ba a bari: kujera mai naɗewa, sanda, lema, takalmi rufaffe mai laushi, bargo, gidan sauro, fitila, buta da ruwan gida. Sai abin da mutane ke jin nauyin faɗa, wato kujerar bayan gida. Masan ƙauye na tsuguno ne, kuma mai ciwon gwiwa ko ƙugu zai gwammace ya ƙi ci ya ƙi sha da ya tsuguna. Kujerar roba da aka huda tsakiyarta ta wadatar.

Mataki na biyar: magani

A ɗebi na kwanakin tafiya, a ƙara na kwana uku, a raba gida biyu: rabi a jakar hannunsa, rabi wurin mai rakiya. Kada a ce za a saya a can. A sa ƙararrawar waya a lokutan sha, ko a ɗaura su da lokutan sallah kamar yadda ya saba a gida.

Allurar insulin ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, ba ta kuma son daskarewa. Kada a bar ta a cikin motar da ke rana, kada a ɗora ta kai tsaye a kan ƙanƙara. A hanya a nannaɗe ta da tsumma mai ɗanshi a cikin kula. A ƙauyen da babu wuta, a sa ta a roba mai murfi a ajiye cikin tukunyar ƙasa da aka zura a wata babbar tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a inuwa inda iska ke wucewa. Wannan dabarar ta tukunya cikin tukunya wani malami ne, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

In gwiwa ta motsa a hanya, kada a ruga kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen ko haɗin da ake ƙullawa a leda. Irin waɗannan suna ɗaga jini, suna taɓa koda, suna tayar da gyambon ciki. A tsaya kan abin da likita ya yarda da shi.

Mataki na shida: abinci, inda kara ke yin ɓarna

Hanya da rana ana iya shirya musu. Abin da ya fi wuya shi ne akushin mai masauki. An yanka kaza, an zuba man shanu, an dama fura da sukari, an kawo lemon kwalba, kuma dattijo ba zai iya cewa a'a a gidan surukai ko na ƙanwarsa ba. Gida uku aka shiga, sau uku zai ci. Don haka maganar abinci ana gama ta tun kafin a taso, kuma da uwargida ake yin ta, ba da maigida ba. Mace a cikin 'yan rakiya ta kira ta:

"Yaya, ga mu nan tafe da Baba ranar Asabar in Allah ya kai mu. Don Allah in an yi miya a ɗebar masa tasa kafin a sa gishiri da dunƙule. Likita ne ya hana, kin san halinsa, in an kawo ba zai ƙi ba."

Babu uwargidan da za ta ji haushin wannan. Abin da ke ɓata rai shi ne a dawo mata da kwano ba a taɓa ba.

Ga mai hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ɓoyayyen shi ne matsalar: dunƙule, yajin tsire, kilishi, taliyar leda da garin ɗanɗanonta, burodi, kifin gwangwani. Kanwa ma dangin gishiri ce, don haka ɗanwake, kunun kanwa da miyar da aka sa wa kanwa a rage su. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da ɗan tsami suna tayar da miya ba tare da gishiri mai yawa ba. In an tsaya wurin mai nama, a ce ya yanko balangu marar kitse kuma kada ya barbaɗa yaji. Goro da shayi mai kauri, ga wanda suke sa wa bugun zuciya ko hana barci, a tsaya a ɓari guda da safe.

Ga mai suga, a duba kwanon kamar an raba shi huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya nama ko kifi ko wake ko ƙwai, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, miya kuwa a cika. A nan karkara ta fi birni sauƙi nesa ba kusa ba. Kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo, yakuwa, ga kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, ga dambun da ganye ya fi tsaki yawa, ga alale, ga dafaffen wake, ga gurji. A Haɗeja da bakin kowane dam akwai kifi, a gasa ko a yi farfesu maimakon suya. Tuwon dawa da na gero sun fi tuwon shinkafa da farin burodi riƙe ciki, amma kada a ruɗi kai, su ma hatsi ne, yawansu yana ɗaga suga. Haka acha, duk da sunan da ta yi.

Fura da nono ba haramun ba ce gare shi, sai dai a dama rabin dunƙule, nono ya fi yawa, ba sukari, kuma a lissafa ta a matsayin abinci, kada a ɗora ta a kan tuwo. A tabbatar an tafasa madarar kafin a yi nonon, a kuma dama da ruwan da kuka zo da shi, domin sau da yawa gudawar tafiya daga ruwan damu da ƙanƙara take. Kunun zaƙi, zoɓon kasuwa, lemon kwalba da rake a bar wa yara. Zoɓon gida marar sukari ba laifi, amma yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan magani kada ya mai da shi ruwan sha. Dabinon Dutse, biyu ko uku bayan abinci, sauran a ƙulle a kai tsaraba. Mai ciwon koda shi nasa daban ne: dabino, ayaba, lemo da yawan ganye ma sai da izinin likita.

Lokacin ci yana da nauyi daidai da abin da aka ci. A gidan baƙunci abincin rana kan kai la'asar saboda ana jiran kaza ta nuna. Wanda ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwayar suga irin glibenclamide da safe ba zai iya wannan jiran ba, sugansa zai faɗi. Don haka jakar guzuri ba ta rabuwa da shi: gyaɗa marar gishiri, dafaffen ƙwai, gwaiba, da sukari mai ƙwaya a ƙulle daban.

In ya fara rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, ko magana ta fara rikicewa, a auna in akwai na'ura. Ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, suga ya faɗi. Ko babu na'ura a ɗauka hakan ne. A ba shi babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba, a jira minti 15, a sake aunawa, in bai dawo ba a maimaita, sannan ya ci abinci sosai. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Mataki na bakwai: gaishe-gaishe da masauki

Zagayen gaisuwa yana cin ƙarfi fiye da kowane kallo. Shiga zaure, cire takalmi, zama a tabarma, tashi, gida bayan gida. Mafita ita ce a zaunar da shi wuri ɗaya a kan kujerarsa, a aika yaro ya sanar cewa Alhaji ya iso, masu gaisuwa su zo. Gidan da ya zama dole ya taka da kansa, kamar na mai gari ko na wanda ya girme shi ko inda aka yi rasuwa, a zaɓi ɗaya a rana, a je da mota har ƙofa. Wani daga cikinku ya riga shi da bayani: "Ranka ya daɗe, a yi masa afuwa, ƙafa ce ba ta barinsa durƙusawa."

Ɗakin kwana ya zama na ƙasa, kusa da bayan gida, da gado ko katifa mai tudu, da gidan sauro. A sanyin hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Sallah kuwa addini ya riga ya sauƙaƙa: wanda tsayuwa ta gagara ya yi a zaune, kuma tafiyar da ta kai nisan ƙasaru tana da rangwamenta. Kowane dare mai rakiya ya haska fitila ya duba tafin ƙafar mai suga da tsakanin yatsu, domin ƙaya kan shiga bai ji ba.

Mataki na takwas: alamun da ake katse tafiya a kansu

Tun kafin a bar gida a san babban asibitin da ya fi kusa da masauki, a ajiye lambar direban da zai amsa waya da dare, a bar mai a tanki. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya kuma 122, amma a ƙauye motar da ke ƙofar gida ta fi saurin kai mutum.

Ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa jiƙa magani, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji mai danna mutum ko mai tafiya zuwa hannu da muƙamuƙi, numfashi yana gagara ko a zaune, ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, amai da gudawa da suka hana magani zama, ko awon jini ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani. Zazzaɓi ma ga mai suga ko mai sikila na asibiti ne a ranar. A ɗauki takardar magungunan da kwalayensu, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi a kan shanyewar jiki. Daga yankin Tiga da Kura a nufo Kano, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya. Daga Gwaram da Buji, Birnin Kudu ta fi kusa. Daga Kiyawa da Jahun a nufi Dutse.